Tsumman Cikin Kwali

A Kudan, in ana maganar ɗaurin kaya, ban yarda akwai macen da ta fi ni ba. Duk garar da za a kai daga unguwarmu ni ake kira in jera ta, kuma ko wace uwar biki ta san in na ɗaure fanteka sai dai a sa wuƙa. Na taɓa jera ƙwai a cikin ƙaiƙayi aka kai shi Malikanci a bayan babur, ko ɗaya bai fashe ba, kuma har yau ban bar kowa ya manta da wannan ba. Da wannan girman kan na shiga harkar aika kaya ta gidan waya, ina ganin ai wasan yara ne.

'Yata ta fari ce sanadi. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Haka muka taso muka gani, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Matan yanzu sun watsar da abin, amma ni na riƙe shi hannu bibbiyu, har na fi waɗanda suka koya mini. Ni malamar firamare ce, kuma shekarar da yarinyar ta faɗo ajina, in ina kiran suna na zo kan nata, sai in ɗaga kai in gan ta zaune, in sa alama in wuce. Yara suka saba, ita ma ta saba. A lokacin ina jin kaina wata babbar mai kunya, ana ba da misali da ni a gidan suna.

Da aka yaye ta, yayar maigidana ta ɗauke ta. Yaya muke ce mata duk gidan, yarinyar kuwa Gwaggo take kiranta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Yaya, gajeruwa ce ma, don haka a kan idona ta girma, ina jin tarinta ina jin dariyarta, ina yi kamar ban ji ba. Ta yi aure, aiki ya kai mijinta kudu, wani gari can gaba da Kalaba. Da ta samu ciki muka sa ran za ta zo goyon ciki gida kamar kowace mai haihuwar fari, sai likita ya hana ta doguwar tafiya. Yaya kuma gwiwoyinta ba za su kai ta ko Kaduna ba. Ni ce mai lafiyar ƙafa, kuma ni ce wadda ba ta da bakin cewa za ta je.

Yaya kunnenta ya yi nauyi, don haka in tana waya sai ta buɗe murya duk unguwa ta ji. Wata ranar da hantsi ina tankaɗe a gindin katangar, ba don komai ba sai don nan ne inuwa take, na ji suna hira da yarinyar. Yarinyar ta ce ba ta iya cin abincin can, ba abin da ranta yake so irin mazarƙwailar gida. Sannan ta ce:

"Gwaggo, Umma kuwa tana tambayarki ni?"

Yaya ta yi 'yar dariya ta ce ai kin san halin uwarki. Ba ta ce e ba, don ba ta ƙarya, ban taɓa tambaya ba. Na ci gaba da kaɗa rariya ba gari a cikinta. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi ciwon shi ne yarinyar ba ƙorafi take yi ba, da gaske take tambaya, ba ta sani ba. Za ta shiga ɗakin haihuwa a garin da ba ta da kowa, ba ta san ko uwarta ta damu da ita ba.

Mace mai hankali da sai ta ɗauki waya ta kira. Ni kuwa sai na zagaya gidan Yaya na ce mata ya kamata ta aika wa 'yarta kayan jego, kada mutane su zage ta. Yaya ta dube ni sama da ƙasa ta ce to, tun da ina tsoron a zage ta, in haɗa mata. Aka tuntuɓi mijin yarinyar, ya ce kada a ba direba, don kayan sai sun sauya mota a tashoshi da yawa kafin su isa, a kai gidan waya, ana kawo musu saƙo har ofis.

Haɗa kayan bai ba ni wuya ba. Na daka yajin jego da citta da kanumfari da masoro, na yi garin kunu, na nemo kanwa mai kyau, ga kuka ga busasshiyar kuɓewa ga daddawa. Lokacin matsar rake ne, na je da kaina inda ake dafawa na zaɓo mazarƙwaila mai duhu, irin wadda take so tun tana ƙarama, ko da yake ban taɓa nuna na san abin da take so ba. Man shanu kuma na saya wajen wata Bafulatana da na yarda da ita, na soya shi da albasa har ƙamshi ya kai bakin titi.

Mazubi ne ya hana ni sukuni. Maigidana ya ce a zuba komai a buhu a ɗinke baki, ai haka ake kai masara Legas. Na ce masa masara ba ta da uwa. Ya kalle ni, na yi sauri na gyara na ce ina nufin ba ta da Gwaggo. Wata maƙwabciya ta kawo shawarar bokitin fenti mai murfi, na ce in aka jefo wani kaya a kansa tsagewa zai yi. Na tsaya a kan kwali, sai dai wane kwali? Na zagaye shagunan Kudan ina matsa kwalaye da yatsa kamar mai sayen gwanda. Na taliya ya yi laushi. Na sabulu yana da ƙarfi, amma kunun yarinyar zai riƙa ƙamshin wanki. Na maganin feshi ko kallonsa ban yi ba. A Hunkuyi na samu wanda ya kwanta mini, kwalin gwangwanayen madara mai bango biyu, na hau kansa na zauna a gaban mai shago don in gwada shi. Bai lotsa ba, mai shagon dai ya kau da kai.

Daddawa na zuba a gwangwani na liƙe bakin da kyandir, don na san in ta samu kafa duk wasiƙun Nijeriya sai sun yi warinta. Yaji ya shiga gorar roba, na sa leda a ƙarƙashin murfin kafin in murɗa. Garin kunu leda cikin leda. Da aka zo kan man shanu, maigida ya miƙo mini wata gorar robar, na ce a'a, roba tana ɓata ɗanɗanon mai, kwalba za a sa. Ya ce kwalba ai fashewa take yi. Na ce shi ya sa ake naɗe ta da tsumma.

Na yi wa mutane da yawa bayanin nan na roba da ɗanɗano, har na kusa yarda da shi. Gaskiyar ita ce ina da abin da nake so in naɗe kwalbar da shi. A ƙasan akwatina akwai majanyin saƙi, baƙi da ratsin fari, wanda mahaifiyata ta ba ni da na haifi yarinyar. Da shi na goya ta har aka yaye ta, yawanci a cikin ɗaki, don a tsakar gida sai in miƙa wa wani ya riƙe. Ranar da Yaya ta ɗauke ta na wanke shi na ninke, ƙannenta kuwa da wani majanyin na goya su. Ba zan iya aika shi a matsayin kyauta ba, wannan ai tallar kai ce. Amma tsumman da aka cusa don kada kwalba ta fashe, wa zai ce wani abu? Na ji daɗin dabarar nan har na yi wa kaina murmushi a madubi.

Na naɗe kwalbar, na sa ta a tsakiya, na jera sauran kayan kewaye da ita, na cike kowace kafa da tsohuwar jarida har in an girgiza kwalin ba abin da yake motsi. Na bi shi da salatif ta kowace kusurwa. Na sa shi a buhu na ɗinke da basilla, ɗinkin da ko ɓera sai ya yi sallama. Na kawo igiya na yi masa ɗaurin goro. Da na gama, maigida ya gwada ɗagawa ya tambaye ni ko da turmin na haɗa.

Na so in tafi gidan waya na Makarfi ni kaɗai, Yaya ta ce ina, ai kayanta ne, ni na faɗa da bakina. Haka muka shiga mota, ita a gaba saboda gwiwa, ni a baya rungume da kwali.

Ma'aikacin gidan wayan wani dattijo ne mai sanyin magana. Muka gaisa har da tambayar rake da mutanen gida. Ya yaba ɗaurin, ya ce ya daɗe bai ga irinsa ba, na gyara mayafi ina jiran ƙari. Sai ya ce:

"To Malama, sai a buɗe mu ga abin da ke ciki."

Na ce a buɗe me? Ya ce ƙa'ida ce, ba sa karɓar kaya a rufe sai sun gani da idonsu, a nan ake rufewa. Na fara lissafa masa abin da ke ciki, na ce ni malama ce, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce ya yarda, ya miƙo mini reza. Yaya ta samu benci ta zauna, ta miƙe ƙafa kamar wadda ta zo kallon wasa.

Ban taɓa sanin ɗaurina yana da kyau haka ba sai da na zo kwance shi. Na yanka igiya, na farke ɗinki, na yi ta fama da salatif ina gumi, mutanen da suka zo nasu sha'anin suka bar layi suka kewaye ni suna ba da shawara. Dattijon ya ɗauki kaya ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya buɗe gorar yaji don ya tabbatar, shi da na kusa da shi suka kama atishawa, wata mata ta ce kai, wannan mai jegon 'yar gata ce. Ta tambaye ni 'yata ce? Na nuna Yaya na ce 'yarta ce.

Sai ya zo kan kwalbar. Ya warware majanyin ya ajiye gefe, ya ɗaga ta ya karkata, man ya bi gefe a hankali don zafin mota ya narkar da shi. Ya ce wannan kam ba za ta tafi ba, abu mai zuba a cikin kwalba in ya fashe ba kayanmu kaɗai zai ɓata ba, har da na mutane. Ban yi gardama sosai ba, don na ga gaskiyarsa. Ya turo mini kwalbar. Sannan ya ɗauki majanyin da yatsa biyu ya ɗora a kanta, ya ce tun da ba kwalba, tsumman ma sai ya koma gida, nauyi kawai zai ƙara a sikeli.

Na tsaya da reza a hannu. Duk wahalar nan, yawon shaguna da zaman kan kwali da ƙaryar ɗanɗano, saboda ƙyallen nan na yi ta, ga shi an turo mini shi a kan kanta. Na saci kallon Yaya. Ba dattijon take kallo ba, majanyin take kallo, kuma na san ta gane shi, don a cikinsa ta fara ganin yarinyar a bayana. Na jira ta yi mini tsiyar da ta saba. Ba ta yi ba, ba ta kuma taimake ni ba, ta bar ni da abina.

Na duba cikin kwalin ina neman abin da zai iya fashewa. Gari ba ya fashewa, kuka ba ta fashewa. Na ɗauko mazarƙwaila na ce ita za a naɗe. Dattijon ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a kan kanta, ta yi ƙara kamar dutse. Ya ce Malama, wannan ko mota ta taka ta sai dai taya ta yi faci. Mutane suka yi dariya. Na ji kunnuwana sun yi zafi, na ce:

"A bar shi a ciki. Ko nawa ne nauyinsa, a bar shi."

Muryata ta fito da ƙarfin da ban yi niyya ba. Dattijon ya ce to, ai ba laifi ba ne. Na cire mazarƙwailar daga ledarta, don in nuna da gaske naɗin take buƙata, na naɗe ta a majanyin na mayar tsakiya. Ni da nake taƙama da sanin kaya, na raba mazarƙwaila da leda zan aika ta garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa.

Aka rufe kwalin da salatif ɗinsu, layi kaɗan, ba buhu ba igiya, ya koma rabin nauyinsa. Dattijon ya miƙo alƙalami mai kauri ya ce a rubuta sunan mai karɓa a jiki, manya-manya. Nan ma wata sabuwa. Ko sunan yarinyar ko na mijinta, kuma suruki ma ba a faɗin sunansa. Yaya ba ta yi boko ba. Na ce ta faɗa masa ya rubuta, ta ce haƙoranta sun zube, in ta faɗa zai rubuta ba daidai ba kaya su ɓata. Wannan matar da take kiran sunan nan ta kan katanga har a ji a masallaci.

Na karɓi alƙalamin na rubuta. Sunan gajere ne, amma harafin farko ya karkace kamar na 'yar aji ɗaya. Da na gama na tsaya ina kallonsa, na ga ashe suna ne mai kyau. A mota Yaya ta karɓi kwalbar man shanun ta sa a jakarta, ta ce ladan rakiya ne.

Kafin kayan su isa yarinyar ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace. A bakin Yaya na ji, na ce Allah ya raya, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana na fito na ɗora girki. Da kwalin ya isa, ina gindin katanga na ji ana zuba wa Yaya godiya. Yaji ya yi daɗi, kunu ya yi daɗi, Allah ya bar mata Gwaggo. Yaya tana amsawa da amin kamar ita ta yi dakan. Sai dai mazarƙwaila, in ji yarinyar, ta sha damshi ta narke ta manne da wani ƙyalle da aka naɗe ta da shi, sai da cokali suke kankara. Yaya ta ɗaga murya yadda zan ji da kyau ta ce ai wadda ta ɗaure kayan ba ta iya ba ne. Na haɗiye. Ban ji an ƙara maganar ƙyallen ba, na ɗauka an kankare abin da za a kankare an jefar da shi, na ce wa kaina ni na ja.

Bayan sun yi arba'in, ina gyaran wake da la'asar, wayata ta yi ƙara. Yarinyar takan kira ni da salla ne kawai, mu gaisa in ce ga ƙannenki. Muka gaisa. Na tambayi mai gidan, na tambayi baƙuwa, na fara laluben wanda zan miƙa wa wayar, ba kowa a tsakar gidan. Ta ce ta ga rubutun jikin kwalin, ta shekara tana kwafar rubutun nan daga allo, ba za ta kasa gane shi ba. Na ce Gwaggonki ce ta sa ni. Ta ce to. Ta ce ƙyallen nan ta jiƙa shi ta wanke, zaƙin ya fita amma tabon bai fita duka ba. Na ce tsumma ne, na cusa ne don kada kaya su yi motsi. Ta sake cewa to.

Ina jin numfashin jaririyar kusa da wayar. Sai ta ce:

"Umma, yaya ake ɗaura shi? In na goya ta kullum sai ya zame."

Na ture farantin waken. Na tambaye ta a ina take sa shi, ta ce a bayan jaririyar. Na ce a'a, ƙasa za ki yi da shi, ya tallafo mazaunanta, zane shi ke riƙe baya. Ki sunkuya sosai, ki ja bakin biyu daidai, saƙi ne, sai kin ja shi ya ba da kansa kafin ki ɗaure. Ta ce a kan ƙirji? Na ce a ƙasan ƙirji, kuma kada ki yi ƙulli biyu, ɗaya za ki yi ki soke bakin, don in ta yi kuka ki kwance da hannu ɗaya. Akwai gefen da ya ɗan saki, na hagu in ratsin yana sama, ke kika sake shi da ƙafa, kin cika harbi, sai ki ninka wurin ciki. Na ji ta yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce. Ta ce in tsaya ta gwada, kada in kashe.

Ina riƙe da wayar ina jin motsinta, sai layin ya yanke, katinta ya ƙare. Na leƙa ta kan katanga, Yaya tana zaune a tabarma ta juya mini baya, wai tana tsintar shinkafa. Na koma na zauna, na nemo lambar yarinyar, na kira ta da kaina.